Ɗanka Ba Fansho Ba Ne

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin magidanta, daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada har Doguwa. Ka tambayi manomi ɗan shekara arba'in me ya tanadar wa ranar da ƙarfinsa zai ƙare, sai ya nuna maka yaran da ke wasa a ƙofar gida, ya ce, "Ga fanshona nan, Malam." In ka matsa masa, ya rufe bakinka da cewa bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Ni kam a ganina wannan magana ta cuci tsofaffinmu fiye da tsadar taki, kuma ya isa haka nan a daina gyaɗa mata kai.

A da, maganar gaskiya ce, domin tana da abin da ta dogara a kansa, wato gandu. Uba ne ke riƙe da gona, 'ya'ya maza da matansu suna ƙarƙashinsa, a yi noma tare, a zuba a rumbu ɗaya, kowa ya ɗan taɓa gayaunarsa da yamma. Tsoho a irin wannan gida ba roƙo yake yi ba, shi ne mai mabuɗin rumbu. To, ina gandun yake yau? Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta gado sau biyu ko sau uku, har ta kai wani abin da ya samu bai wuce ya ciyar da gidansa wata huɗu ba. Yaro na yin aure zai ware tukunyarsa. Muna riƙe da maganar zamanin gandu alhali gandun ya watse tun tuni.

Sannan a dubi ɗan da ake kira fansho. Yana Kano ko Abuja ko Legas yana ci-rani, yana dako ko gadi ko tura ruwa. Sana'ar da ta fi ɗaukar samarinmu, wato acaɓa, an hana ta a birnin Kano tun 2013, Legas ma ta kore ta daga manyan unguwanninta. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Mutumin da ke fama da kuɗin haya da na makarantar yara huɗu, me zai aiko gida? Ba rashin albarka ba ne, babu ce. Amma a majalisa ba a faɗin haka, sai a ce 'ya'yan zamani ba su da tausayi, uba ya yi fushi, ɗa ya daina ɗaga waya don kunya. Gida nawa zumunci ya lalace a kan bashin da ba wanda ya ci?

Kada a juya mini magana. Ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan ɗa mai hali, ba ni da ja. Abin da nake ƙi shi ne uba mai ƙarfi da samu ya cinye na yau duka, ya ɗora gobensa a wuyan yaron da bai san abin da zai zama ba.

Mata ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan sakaci. Maigida mai 'ya'ya ya rasu, matan da ya bari su raba tumunin abin da ya rage, in su huɗu ne a raba shi gida huɗu. Tumunin ƙaramar gona me zai yi wa tsohuwa? Wadda Allah bai ba ta ɗa namiji ba, ko bai ba ta haihuwa ba sam, ina nata fanshon a wannan lissafi?

Sai batun tawakkali, wanda shi ne garkuwar masu wannan ra'ayi. Annabi Yusuf (AS) hatsin shekara bakwai ya sa aka ajiye saboda shekarun fari, kuma ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) yakan tanadar wa iyalansa abincin shekara. Abin mamaki ma, mutumin da zai ce maka ajiyar tsufa rashin yarda da Allah ce, shi ne zai shiga adashin gata na aikin Hajji, wanda hukumar alhazai ta ƙasa da bankin Jaiz suka ƙaddamar a 2020, ya yi ta zubi shekara da shekaru. Wa ya ba shi tabbacin zai kai lokacin tafiyar? Tanadi dai tanadi ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi a hannunsu ita ce halin 'yan fansho, kuma ba zan raina ta ba. Tun 2006 Jihar Kano ta kafa asusun fansho da ake yankar albashin ma'aikata ana zubawa, amma malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi sun yi shekaru suna jiran garatuti, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ta gaji bashin da ya kai naira biliyan 48, ta fara biya kashi-kashi a ƙarshen 2023. Ga kuma darajar naira: a farkon 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya jibge kuɗi a banki ya zuba musu ido, ya yi asara yana zaune. Duk gaskiya ne. Sai dai darasin da ke ciki shi ne kada ka dogara da ƙofa ɗaya, ko gwamnati ce, ko banki, ko ɗan cikinka.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin haka. Masu ajiya a shanu sun ga yadda ɓarayi suka riƙa kore garke sukutum a dajin Falgore wajen 2015. Masu ajiyar masara sun yi dariya a 2024, a 2025 farashi ya faɗi warwas, taki kuwa bai sauko ba. Ko Riruwai, da kuza ta taɓa mayar da ita garin kuɗi, ta ga ranar da kasuwar ta mutu. Don haka a rarraba: 'yar gona da ba za a sayar ba kuma ba za a raba ta tun mai ita yana raye ba, tumaki da awaki a hannun uwargida da sunanta, itatuwan mangwaro da za su yi 'ya'ya lokacin da hannu ya daina ɗaga fartanya, ga noman rani ga wanda ruwan Tiga ya isa gonarsa. Ga kuma ƙaramin fansho da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe a 2019 domin manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, mutum ya zuba abin da ya samu lokacin da ya samu. Mai gudun riba ma an yi masa asusun da babu kuɗin ruwa tun 2021. Laifin hukumar da kamfanoninta shi ne sun maƙale a birni, da wuya ka ga wakilinsu a Kwanar Ɗangora ranar kasuwa.

Za a ce talaka ba shi da rarar da zai ajiye. Wasu kam ba su da ita, kuma haƙƙinsu yana kan dangi da zakka da hukuma. Amma mu da muke ganin abin da ke faruwa da kaka mun san inda kuɗin masara da shinkafa ke tafiya: sabon babur, ƙarin aure, bikin kece raini, gara da kayan ɗakin da sai an sayar da gona.

Limamanmu na Juma'a a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, ku ware huɗuba ɗaya kafin kaka ku yi wa magidanta wannan bayani, domin ku ake ji. Kai kuma maigida, bana in an sussuke an auna, ka fitar da zakka, ka ware na ci, sannan ka cire buhun tsufanka kafin dillali ya iso ƙofar gida.