Direba Da Ubangidansa: Wa Ke Bin Wani Bashi?

A makon jiya aiki ya kai ni Kafanchan, kan hanyar komowa kuwa muka yada zango a Gidan Waya don mu yi salla. A nan na tarad da wata tirela maƙare da buhunan citta, an tokare ƙafafunta da duwatsu, direbanta da yaronsa sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. Da na tambaye shi lafiya, sai ya ce mini kwanansu uku ke nan a wurin. Tun kafin su yi lodi ya shaida wa maigidansa burkin motar yana wasa, aka ce ya lallaba ya kai kayan, in ya dawo a duba. To, ga shi burki ya ƙi, kuɗin hanya sun ƙare, maigida kuwa ya daina ɗaukar waya.

Na yi masa jaje, amma ban tashi ba sai da na lura da jarkoki biyu a bayan kan motar, sa'an nan na ji yaron yana ciniki da wani mutum a kan gas ɗin da ke cikinsu, watau man da aka zuba wa motar don ta kai kaya. A nan na tuna da maganar Hausawa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ya sa ke nan na ga ya kamata yau mu duba haƙƙin da ke tsakanin masu manyan motoci da direbobinsu.

Wanda ya san Kafanchan ya san jirgin ƙasa ne ya raya ta. A nan layin da ya taso daga Fatakwal ya ratsa zuwa Kaduna, a shekarar 1927 kuma aka buɗe reshen da ya hau zuwa Jos, garin ya zama mahaɗa. A zamanin da reluwe ke tashe, direban jirgi ma'aikaci ne mai takardar ɗaukar aiki, da albashi, da fansho, wani ma har da gida. Da sufurin jirgi ya ja baya, sai nauyin ya komo kan titi. Cittar Kachiya da Kwoi da Kagarko, da masarar Saminaka, da siminti da man fetur da ke shigowa, duk a bayan mota suke tafiya. Kaya sun bar jirgi sun hau mota, amma tsarin da ke kāre ma'aikaci bai biyo su ba.

Bari mu fara da mai mota, domin shi ne babba. Abu na farko da direba ke binsa shi ne mota mai lafiya. Wanda duk ya taɓa gangaro Hawan Kibo daga Jos, ya bi ta Fadan Karshi zuwa Gwantu, ya san abin da sudaddiyar taya ko mataccen burki ke haifarwa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fito da wani tsari a 2007 wanda ya wajabta wa duk mai motocin haya biyar ko fiye ya yi rajista, ya kuma ajiye jami'in da zai riƙa lura da lafiyar motoci da ta direbobi. Daga watan Fabrairu na 2017 kuma ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Mai motar da ya sa na'urar don ganin idon hukuma, sa'an nan ya yanka wa direba lokacin da ba zai iya cimma ba sai da gudu, ai shi ne ya taka totur, ko da yana kwance a gidansa.

Abu na biyu shi ne takarda. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce kada ma'aikaci ya wuce wata uku a bakin aiki ba a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce ba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, domin in mutum ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki a biya shi ko magadansa. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Amma sau nawa muka ga direba ya karye a hanya, an je an janyo mota an gyara, shi kuwa an bar shi a gadon asibiti 'yan'uwansa na karo-karo? Inshorar da akasarin masu motoci ke yanka, ta ɓarnar da mota ta yi wa wasu ce, ba ta direban da ke cikinta ba.

Abu na uku shi ne hutu. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana direban babbar mota tuƙi fiye da awa huɗu da rabi ba tare da ya huta minti 45 ba, kuma awa tara ce ƙa'idar tuƙinsa a yini. Mu kuwa a nan, da yake galibi ana biyan direba ne gwargwadon sawun da ya yi, barci ya zama hasara. Daga nan ake shiga goro, a wuce ƙwaya, a ƙare a rami.

To, amma fa kada direbobi su ce na zame musu lauya. Mai mota ma yana da nasa kukan, kuma kukan gaskiya ne. Tsadar gas da kayan gyara ce ta sa ƙungiyar masu motocin sufuri, NARTO, ta janye tankokinta daga hanya a watan Fabrairu na 2024. A Kudancin Kaduna kuwa, cutar da ta faɗa wa citta a damunar 2023 ta rage lodi ƙwarai. Mutumin da ke cikin wannan hali ya ɗauki dukiya ta miliyoyin Naira, wadda wataƙila bashin banki ce, ya miƙa maka mabuɗi. Wannan amana ce. Direban da ke tsiyayar gas yana sayarwa, ko ya musanya sabuwar taya da tsohuwa, ko ya ɗora fasinja a kan kaya don ya sami na cefane, ko ya bar wa yaron mota sitiyari alhali yaron ba shi da lasisi, ya ci amana. Ƙa'idar hanya ta yanka wa tirela da tanka kilomita 50 a awa a kan babban titi, 60 a kan tagwayen hanya. Wanda ya zarce haka cikin Zonkwa ko Kagoro ran kasuwa, ba ubangidansa kaɗai ya cuta ba.

Abin lura shi ne, laifin kowannensu shi ke haifar da na ɗayan. Maigida ya rage kuɗin hanya domin ya tabbata direba zai saci gas, direba kuma ya saci gas domin an rage masa kuɗin hanya. Kowa yana ganin ramuwa yake yi. Wanda ke biyan kuɗin wannan ramuwa kuwa shi ne manomin da cittarsa ke jibge a Gidan Waya, da 'yar talla da ke bakin titi. Gobarar tankar Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoba 2024, da ta mahaɗar Dikko ta Jihar Neja a Janairu 2025, sun isa su nuna mana cewa idan babbar mota ta faɗi, ba mutum biyu kaɗai abin ke shafa ba.

Shawarata ita ce, NARTO da ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda ta kafu tun 1978, su zauna a rassansu na Kafanchan da Kachiya su tsara takardar yarjejeniya guda, da Hausa da Turanci, wadda za ta bayyana albashi, da kuɗin hanya, da litar gas ta kowace tafiya, da wanda zai ɗauki nauyin magani. A rubuta a ciki cewa direba yana da ikon ƙin tayar da motar da ba ta da lafiya ba tare da an kore shi ba, wanda kuma aka kama da sayar da gas, ƙungiyarsa ce za ta fara hukunta shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da za mu tashi daga Gidan Waya na ba direben nan abin da ya sawwaƙa, na ce Allah ya kawo maigidansa. Ya ce amin, yaronsa kuwa yana can yana ƙirga kuɗin jarka ta biyu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.