Mai Fassara da Kalmar "Albarka"

Duk wanda ya taɓa zama a Kasuwar Kurmi ya san yadda ciniki yake tafiya. Mai saye ya taya, in tayin bai kai ba mai kaya ya ce "albarka", ba zagi ba ɗaga murya, a yi ta ƙari har ya ce ya sallama. Abin mamaki, mu ɗaliban Hausa da muke nazarin waɗannan kalmomi a aji, mu ne muke kasa furta su ran da aka kawo mana aikin fassara.

Da yawa daga cikinmu da fassara muke rufa wa kanmu asiri, ba albashi, ba ubangida. Bara wata ƙungiya ta kawo mini shafi 40 na faɗakarwa kan rigakafi, ta taya abin da bai taka kara ya karya ba. Hujjarsu wai Google Translate, wanda ya shigar da Hausa tun 2013, ya riga ya ci rabin aikin, nawa gyara ne kurum. Na karɓa don kunya. Mako biyu ina warware abin da na'ura ta ƙulla, alhali kowane tela ya san farke ɗinki ya fi sabon yanka wuya.

A ganina laifin nawa ne. Ƙaramin tayi ba cin mutunci ba ne, buɗe ciniki ne. Ɗan kasuwa yana iya cewa albarka domin ya san uwar kuɗinsa, mu kuwa ba mu san tamu ba, watau awowin da shafi yake ci, da kuɗin data, da neman kalmar da babu ita a ƙamus. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 komai ya tashi, mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 70,000 a 2024, amma har yau da tsohon farashi ake taya mana.

Za a ce in ka ƙi, wani zai karɓa. Haka ne, kuma ba na ganin laifin wanda kuɗin makaranta ya matsa wa. Sai dai tsakanin ƙi da miƙa wuya akwai hanya. In kuɗi ba zai ƙaru ba, to aiki ya ragu ko wa'adi ya tsawaita, a ba da rabi kafin a ɗora alƙalami.

Da suka dawo bana da tayin bara, na ce albarka, na faɗi nawa. Suka tafi. Bayan kwana huɗu suka aiko da shafi 20 a kan farashina.