Jinjina Ga Masu Bin Sawun Guba A Ƙarƙashin Ƙasa

A shekarar 2010, lokacin da gubar dalma daga aikin zinare ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, an samu bayin Allah da suka tsaya tsayin daka. Likitocin ƙungiyar MSF suka duƙufa jinyar yara. Masanan kamfanin TerraGraphics da matasan Dareta da 'Yargalma suka bi gida-gida suna kankare ƙasar tsakar gida da fartanya, suna ɗurawa a buhuna, a kai rami a binne, a shimfiɗa sabuwa. Ƙauyen Bagega ma an yi masa haka a 2013. Allah Ya saka musu da alheri.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambatonsu ba, wato masanan ruwan ƙarƙashin ƙasa na jami'o'inmu. Su ne za ka gani a bakin rijiya suna zura awo, su rubuta zurfin ruwa da rani, su dawo da damina su sake aunawa. Tun 1856 Henry Darcy ya nuna a Faransa cewa saurin ruwa cikin yashi ya dogara ne da gangara da kuma yadda ƙasar ke barinsa ya ratsa. A kan wannan ƙa'ida aka gina manhajar MODFLOW da ta fito daga Amurka a 1984. In aka haɗa ta da lissafin yaɗuwar dauɗa, sai kwamfuta ta nuna inda ƙazantar masai ko ta wurin wankin zinare ta dosa, da shekarun da za ta yi kafin ta isa rijiya.

Aikinsu ya koya mana cewa ƙasa tana wanke wata dauɗa. Ƙwayoyin cutar masai suna mutuwa a hanya in tafiyar ta yi nisa, man fetur kuma ƙananan halittun ƙasa suna cinye shi sannu a hankali. Dalma da zaiba kuwa ba sa ruɓewa, sai dai su maƙale a ƙasa su jira. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha.

To, da sauran rina a kaba. A 2015 yara 28 suka rasu a Rafi ta jihar Neja, da irin wannan guba. Bena, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta jihar Kebbi, tana maƙwabtaka da Zamfara da Neja, kuma kudancin Kebbi ƙasar zinare ce. Ruwan yankin yana kwance ne a ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, kuma a tsagar dutse ruwa kan wuce da sauri ba tare da ya tacu ba. Ƙiyasin ido tsakanin masai da rijiya bai wadatar ba.

Muna roƙon masanan nan su kawo awonsu Bena. Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su haɗa hannu a auna rijiyoyi da burtsatse, a fitar da taswirar tafiyar ruwa. Sannan a bayyana wa hakimai da masu unguwanni da Hausa da Dakarci, domin kowa ya san inda zai haƙa rijiya da inda aka hana wanke zinare. Kada a jira sai yara sun fara jijjiga.