Balaraba Ramat da yarinyar da ke talla a Sama Road

1/ Jiya da dare a Sama Road na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara 10 ba, da farantin gyaɗa a ka, tana bin motoci. Sai Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta faɗo mini a rai. Ku biyo ni.

2/ Ƙanwar marigayi Janar Murtala ce, 'yar Kano. Amma sunan gidan bai hana a cire ta daga makaranta a aurar da ita tana wajen shekara 13 ba. Auren bai je ko'ina ba.

3/ Ba ta zauna tana kuka ba. Ta koma ajin yaƙi da jahilci, ta ɗauki biro. A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya, a 1990 kuma Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?

4/ Na ƙarshen nan labarin yarinya ce da aka raba da karatu aka aura wa tsoho. Wato abin da ya same ta ne ta mayar littafi, da Hausa, yadda matar da ke cikin kulle za ta karanta ta gane kanta.

5/ Na san wasu za su ce "feminist ce, aƙidar Turawa". To ɗan'uwa, Nana Asma'u 'yar Shehu fa? A garin nan ta kafa 'Yan Taru, jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Ta rasu a 1864, kafin Bature ya ci Sakkwato a 1903.

6/ Doka kam akwai. A 2021 Tambuwal ya sa hannu kan dokar kare yara ta jihar Sakkwato. Matsalarmu ita ce "a rufa asiri". Ana lalata yaro, sai dangi su taru a sasanta, mai laifi ya koma masallaci sahun gaba, yaron ya girma da ciwon.

7/ Asirin wa ake rufawa? Ba na yaron ba wallahi.

8/ In ƙanwarka ta ce tana tsoron wani kawu, saurare ta kafin ka tsawata mata. In ka ga an cuci yaro, kai ƙara, ko da ɗan gidanku ne. In kana da hali, biya wa 'yar maƙwabta kuɗin littafi.

9/ Yarinyar jiya, ban san ko tana zuwa makaranta ba. Na sayi gyaɗar na wuce. Har yanzu abin yana damuna.