Wa ke riƙe da makullin?

Ƴan uwa matasa, kun taɓa jin sunan BNY? Da wuya, don ba shi da reshe a Maraɗi ko Damagaram. Banki ne na New York da Alexander Hamilton ya kafa a 1784, ya haɗe da Mellon a 2007. Yau ajiyar da ke hannunsa ta haura dala miliyar dubu 50. Dukiyar gwamnatoci ce da kamfanoni da asusun ƴan ritaya. Shi dai ya adana takardun jari, ya karɓo riba ya miƙa wa masu ita, ya ci ladansa.

To, ina ruwanmu? Mai ajiya shi ke da makulli. Mun ɗanɗana a Yulin 2023, da CEDEAO da UEMOA suka ƙulle kuɗin gwamnatin Nijar a BCEAO. Kuɗi namu, amma hannu bai kai ba, talaka na dogon layi a ƙofar banki.

Saboda haka kirarin ƴancin ƙasa kaɗai bai isa ba. Kuɗin fetur, na uraniyum, na CNSS: a ina aka ajiye su, a hannun wa, nawa ake biyan mai ajiyar? Hukuma ta fito da lissafi a fili. Haƙƙinmu ne mu sani.