Daga Gidan Fatoma Zuwa Otal: Me Ke Hana Masaukanmu Daɗewa?

Tun daga watan Maris na shekarar 2024, lokacin da aka sake buɗe iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar bayan rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, jama'a suka koma zirga-zirga a kan hanyar nan da ta taso daga Damagaram, ta ratsa Kance da Matamaye, ta tsallaka ta Ɗan Barto da Kwangwalam, ta ɓulle Daura har zuwa Kano. Mutanen yankin, irin su na Icirnawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, sun daɗe da dogaro da wannan hanya wajen fitar da dabbobi da wake da rake, da kuma shigo da kayan masarufi. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda aka tsara zai bi ta Daura. Duk inda hanya ta rayu kuwa, to baƙo zai yawaita, shi kuma baƙo dole ya nemi wurin kwana. Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa ƙasar da ta shafe ɗaruruwan shekaru tana saukar da fatake take da ƙarancin masaukin da za a nuna a ce wannan na gidan wane ne, tun daga kaka har zuwa jika?

Idan mai karatu ya waiwayi tarihi zai ga cewa saukar baƙi sana'a ce mai zaman kanta a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, cikin ƙarni na 19, unguwar Zango da ke wajen Birni ita ce masaukin ayarin Buzaye da sauran fatake masu tasowa daga Agadas da Bilma da ƙasashen Larabawa. Mutumin da ke riƙe da wannan sana'a shi ake kira fatoma ko maigida. Aikinsa ya wuce ba da ɗaki da tabarma. Shi ke ciyar da baƙo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, sannan in an sayar da kaya bashi shi ne mai lamuni. Galibi ba a biyan kuɗin ɗaki, sai dai maigida ya samu nasa daga la'ada da kuma alherin da baƙo kan bari in zai tafi.

Wannan tsari Hausawa suka ɗauka suka kai duk inda suka kafa zango, daga Salaga da Kumasi a ƙasar Gana har zuwa Kurmi. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nuna a littafinsa na 1969 cewa masu gidaje kimanin 30 ne ke riƙe da cinikin shanu da na goro a unguwar. Falke zai koro shanu tun daga Arewa, ya miƙa su ga mahautan da bai taɓa gani ba, babu takarda babu sa hannu, saboda kawai maigidansa ya tsaya. Haka shi ma Emmanuel Grégoire, a nazarinsa na 1986 a kan Alhazan Maraɗi, ya nuna cewa ƙarfin attajiri yana ga abin da suke kira arzikin mutane, wato yawan barori da yaran da ya rena ya kuma amince da su. Ke nan ainihin jarin masauki shi ne amana da suna, gini kuwa daga baya yake.

Abubuwa da dama ne suka raunana gidan fatoma. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karya fataucin Sahara, a 1926 kuma Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai. Daga baya mota ta rage kwanakin tafiya, banki ya karɓe aikin ajiya, wayar salula kuma ta sa mai saye da mai sayarwa na iya daidaitawa ba tare da kowa ya shiga tsakani ba. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba, domin har gobe a karar dabbobi da manyan kasuwannin hatsi akwai masu gidajen da baƙi ke sauka wurinsu.

To amma da otal na zamani ya shigo, sai magada wannan sana'a suka ja da baya. Dalili kuwa a fili yake. A idon Bahaushe otal ya zo ne tare da bariki, wato giya da mata masu zaman kansu, don haka mai mutunci ba ya so a ce ɗansa na da otal, ballantana ya gadar masa da shi. Sai aka bar fagen ga baƙi 'yan kasuwa da kuma gwamnati. A Kano, alal misali, ɗaya daga cikin masaukan da suka yi suna a hannun iyali guda shi ne Tahir Guest Palace, na iyalin marigayi Tahir Fadlallah, waɗanda asalinsu mutanen Labanon ne da suka daɗe da zama Kanawa.

Ita kuwa gwamnati, kowa ya ga yadda ta kaya da nata. Otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977, ya shafe shekaru a rufe ana shari'a a kan mallakarsa, daga ƙarshe gwamnatin jihar ta rushe shi a watan Janairun 2020. Otal ɗin Bagauda da ke jihar Kano ya koma harabar makarantar horas da lauyoyi. Otal ɗin Daula kuwa, wanda a da nan ne masaukin manyan baƙin Kano, ya lalace har wata gwamnati ta ba 'yan kasuwa filinsa, wadda ta gaje ta kuma ta rushe gine-ginen da aka yi a wurin a watan Yunin 2023. Abin da babu mai shi takamaimai, ba wanda zai hana kansa barci dominsa.

Sai dai kuma na masu zaman kansu ma suna da tasu cutar, wato ranar da maigida ya kwanta dama. Attajiri mai mata uku ko huɗu da 'ya'ya barkatai zai rasu, a zo rabon gado, a tarar gini ɗaya ba ya rabuwa gida ashirin, sai a sa shi a kasuwa kowa ya karɓi nasa. Ma'aikatan da suka san kan aikin su watse, baƙin da suka saba su nemi wani wuri, sunan da aka yi shekara 30 ana ginawa ya bi ruwa cikin wata guda. Laifin ba na rabon gado ba ne, domin shari'a ta fayyace wa kowa kasonsa ne, ba ta hana magada su bar dukiyar a haɗe suna raba riba gwargwadon kason kowa ba. Gidan Alhaji Alhassan Ɗantata ya isa misali. Ya rasu a 1955, amma da yake ya kafa kamfani ya kuma hori 'ya'yansa da su zauna tsintsiya maɗaurinki ɗaya, harkar ta ci gaba a hannun irin su Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a watan Yunin 2025, shekara 70 bayan mahaifinsa.

A fagen masauki kuwa, babu inda ya kai ƙasar Japan. Can ne ake da Nishiyama Onsen Keiunkan, wanda aka kafa a shekarar 705, kuma kundin Guinness ya amince a 2011 cewa shi ne otal mafi daɗewa a duniya. Iyali guda ne suka riƙe shi har tsatso 52. Akwai kuma Hoshi Ryokan da aka kafa a 718, inda duk wanda ya gaji gidan yake ɗaukar sunan Zengoro. Sirrinsu shi ne mutum ɗaya ake ɗora wa riƙon gida, ana horar da shi tun yana yaro, in kuma babu ɗan da ya dace, al'adarsu ta yarda a ɗauko suruki ko wani amintacce a ba shi. Abin lura shi ne a 2017, da aka rasa mai son karɓar Keiunkan a cikin dangi, sai aka miƙa ragamarsa ga babban manajansa, wanda ya daɗe yana aiki a gidan, masaukin ya ci gaba da karɓar baƙi.

Wannan dabara ai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abin da fatoma ke yi ke nan da yaron gidansa: ya rene shi, ya yi masa aure, ya nuna shi ga baƙi, ta yadda ko ba ya nan baƙo ya san hannun da zai ba ajiyarsa. Abin da muka rasa shi ne rubuta wannan tsari a takarda yadda zai tsaya a gaban alƙali bayan ran mai shi.

Saboda haka duk mai niyyar zuba kuɗinsa a masauki, ko a Matamaye ne ko Magarya ko Daura, akwai abubuwa uku da ya kamata ya yi tun yana da rai da lafiya. Na farko, ya yi wa wurin rajista da sunan kamfani, yadda magada za su gaji hannun jari maimakon ɗakuna. Na biyu, ya zaɓi wanda zai riƙe, ɗa ne ko yaron gida, ya sa shi a aiki daga shara har lissafi, ya kuma sanar da sauran iyali a gaban shaidu. Na uku, ya tsare mutuncin wurin, ya san wanda ya kwana da inda ya fito, musamman a wannan zamani na rashin tsaro, ta yadda magidanci zai iya sauka da iyalinsa ba tare da jin kunya ba. Su kuma malamai da alƙalai, nauyi ne a kansu su riƙa wayar wa magada kai game da halaccin tarayya a dukiyar gado da kuma waƙafi, kafin a kira dillalin gidaje.

Hukumomin ƙananan garuruwa irin su Icirnawa da Kance su ma suna da rawar takawa, wajen ware fili kusa da kasuwa da tasha da kuma sassauta haraji ga mai ƙaramin ƙarfi. Baƙon da ya samu wurin kwana mai aminci zai ci abinci a garin, ya sayi kaya a garin, gobe kuma ya dawo da ɗan'uwansa. Masu iya magana sun ce baƙonka Annabinka. Iyayenmu sun riƙe wannan magana har ta zame musu sana'a, saura mu mu san yadda za mu miƙa ta ga na baya. Allah Ya sa mu dace.