RA'AYINMU: A hukunta mai ƙarya, a bar mai kuka ya yi kukansa

Jama'a masu karatu, ƴan kasuwa maza da mata, yau maganar tamu a kan salula take, wadda ta zama rumfa ta biyu ga kowane mai saye da sayarwa a ƙasarmu Nijar. Da ita mai hatsi a kasuwar Dole ta Damagaram ke jin nawa tiyar gero ta kwana a Maraɗi, da ita ɗan canji ke sanin yadda naira ta tashi a Jibiya ko Illela, kuma da ita mai atamfa ke tura wa masu sayenta hoton sabon zane ta WhatsApp, su aiko da kuɗi ta Nita ko Amana. To amma wannan salula tana da doka a kanta, kuma da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin abin da dokar ta ce ba.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar 2010, lokacin mulkin riƙon ƙwarya na Salu Jibo, an fidda dokar da ta hana kai ɗan jarida gidan kaso saboda abin da ya rubuta. A watan Yulin 2019, zamanin shugaba Mahamadu Isufu, aka kafa dokar laifuffukan intanet, wadda ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 ga wanda ya ɓata sunan wani ko ya watsa abin da zai tada hankalin jama'a. A 2022, zamanin Bazum Mohamed, majalisar dokoki ta cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna, ta bar tara. Sai kuma a watan Yunin 2024 Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu kan dokar da ta maido da ɗaurin: shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyon 1 zuwa 5 a kan zagi ko ɓata suna, shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyon 2 zuwa 5 a kan watsa abin da zai tada hankalin jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam.

Ku lura, dokar ba ta ware ƴan jarida ko ƴan siyasa kaɗai ba. Duk mai salula a hannu ta shafe shi, wanda ya yi lakwal da wanda bai yi ba. Miliyon ɗaya kuwa jikka dubu ke nan. Mace nawa ce a kasuwar Katako ko ta Tawa jarinta duka ya kai haka?

Ba mu musun cewa gomnati tana da hujja. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Saƙon murya guda na ƙarya, a ce ga ƴan bindiga nan tafe, ya isa ya watse kasuwa ana tsakar ciniki, a tattake kayan mutane. Wani kuma don hassada zai ce man gyaɗar wance gauraye ne, ya kashe mata sana'ar da ta yi shekaru tana ginawa. A ƙasar da sojojinta ke fafatawa a Tillaberi da Diffa, ba mai hankalin da zai ce a bar kowa ya faɗi inda dakaru suka kwana. Irin waɗannan mutane, doka ta hau kansu, mu ma muna goyon baya.

Inda muke da ja shi ne a kan kalmar nan ta “tada hankalin jama'a”, domin faɗinta ya yi yawa, ba wanda ya san inda ta fara da inda ta tsaya. In ɗan kasuwa ya yi saƙon murya ya ce kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya ya yi yawa, ya tada hankalin jama'a ke nan? In mai tuwo ta ce buhun shinkafa ya fi ƙarfin talaka, ko mai kanti ya koka da yankewar wuta, laifi ne? Dokar da mutum bai san iyakarta ba, tsoro take haifarwa, sai kowa ya kame bakinsa har a kan abin da shugabanni ke da bukatar ji. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mun riga mun ga yadda irin wannan doka ke aiki. A watan Yunin 2020 an kama ƴar jarida Samira Sabu saboda rubutun da ta yi a Facebook kan binciken kuɗin sayen makamai a ma'aikatar tsaro, ta yi wajen mako 7 a gidan kaso na Yamai kafin kotu ta sallame ta. Ita tana da lauya, kuma duniya ta san da zancenta. Mai sayar da ƙuli-ƙuli a Madarunfa fa, wa zai ji labarinta in an tafi da ita?

Kada kuma mu manta da watan Fabrairun 2021. Bayan da aka faɗi sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, rikici ya tashi a Yamai, sai aka yanke intanet na salula har kwana 10. Waɗanda suka ƙona tayoyi daban, waɗanda suka yi asara daban: mai jiran hoton kaya daga Kano, da mai neman direban da ya ɗauko masa lodi, da uwar da ɗanta ke ci-rani. A Najeriya ma an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, daga baya kotun CEDEAO ta ce matakin ya saɓa wa haƙƙin jama'a. Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, nauyin kare bakin talaka ya ƙaru a kan alƙalanmu na gida.

Don haka muna kira ga hukumomi da abu uku. Na farko, tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, a fassara dokar nan da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci, a karanta ta a gidajen rediyo aya bayan aya, kowa ya ji da kunnensa. Na biyu, a fayyace abin da ake nufi da tada hankalin jama'a, a rubuta a fili cewa kukan tsadar rayuwa da sukar aikin hukuma ba laifi ba ne, a kuma maida zagi da ɓata suna kan tara da biyan diyya kamar yadda aka yi a 2022. Na uku, duk abin da ya faru a ƙasa, a nemi mai laifi a kama shi, kada a sake yanke rezo ga mutanen da ke neman abincinsu da shi.

Ku kuma ƴan uwa, rigakafi ya fi magani. Saƙon da ba ku san mai shi ba, kada ku tura shi gaba, domin a gaban alƙali “ni ma turo mini aka yi” ba ta fidda mutum. In kuna da ƙorafi, ku faɗi abin da idonku ya gani, da rana da wuri, ba tare da zagin uwar kowa ba. Shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa su gayyato masana doka su zo cikin kasuwa su yi wa mutanensu bayani, mata su ma a ba su wurin zama a gaba.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, mu kuma ya tsare mana harsunanmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.